Faifan Kawu da Kabarin Kaka

Allah da Ya ba mu Kawu Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da safe, rana ta ɗan ɗago, a ɗakinsa na gidan gado a Zongon Kumasi, kansa a kan cinyar Mma, matarsa. Yau kwana arba'in da biyu ke nan. An yi addu'a, an naɗe tabarmi, masu rumfa sun kwashe kayansu, layinmu ya koma hayaniyarsa. Ni kwamfutocin gwanjo nake sayarwa a Ashanti New Town, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma na ga in an yi shiru, nan da shekara kaɗan abin da zai rage nasa a bakin mutane bai wuce “tsohon nan mai kwamfuta” ba, kuma wannan bai ishe shi ba.

Kowa ya zo gaisuwa da irin Kawun da ya sani. Malaman makarantar gidanmu, waɗanda suka yi karatu tare da shi a gaban mahaifinsa, cewa suke ɗan malamai ne da ya ƙi zama a kan buzu. Ɗayansu ya girgiza kai ya ce, “Da ya tsaya a littafi, da yau mu ne ɗalibansa.” Wasu tsofaffin Asante uku da suka yi aiki da shi a jami'a sun zo cikin baƙin zane, suka zauna a benci, in mun ɗaga hannu su ɗaga, in mun shafa su shafa. Babbansu ya riƙe hannuna ya ce da Hausarsa ta kasuwa, yana kiran kawu “Wofa” da yarensu, “Wofa naka, kai nashi yana da kyau paa. Injin yana tsoron shi.” Mai shayin bakin layi kuwa yana hawaye yana ba da labarin yadda Kawu bai taɓa yarda a zuba masa madara kafin sukari ba, in an yi kuskure sai a sake. Wata mata 'yar arewa mai dakon kaya a tashar motar Sofoline ta zauna a bakin ƙofa kwana uku, ba wanda ya san ta. Da Mma ta aika a tambaye ta, sai ta ce, “Shi ne ya nuna mini inda mijina ya kwanta.” 

Ni kuwa ranar farko ba a gan ni a kan tabarma ba. Mutane sun lura, wasu sun yi magana, kuma ban ga laifinsu ba. Ga dalilin.

Ba a fi rabin awa da rufe masa ido ba Mma ta sa aka kira ni. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na tashi tun da uwata ta rasu, shi kuma 'ya'ya mata Allah Ya ba shi, saboda haka ni ne namijin da ake kira. Ta ce, ba ta ɗago kai ba, “Ka san abin da ya roƙa. Kusa da uwarsa.”

“Na sani, Mma.”

“Ya faɗa mini ba sau ɗaya ba. Ya ce wurin yana nan, ya rubuta. Je ka buɗe abin nan nasa ka gaya wa masu haƙa.”

Na ce to. Na fito, alhali abin nan nasa mako uku ke nan bai buɗe ba, kuma ni ne sila. Mma ba ta sani ba.

Makabartarmu ta tsufa. Ɓangaren da aka sa Kaka, uwar Kawu, tun ina ƙarami aka daina haƙa a cikinsa. Allunan ƙarfen da ake kafawa, tsatsa ta cinye wasu, masu jari-bola suka tuge sauran, ciyawa da ruwan sama suka daidaita ƙasar har ba ka bambanta kabari da fili. Littattafan da masu gadi na da suke rubutawa, gara ta shiga cikinsu. Da Kawu ya ajiye aiki sai ya ɗauki abin a kansa, ba wanda ya sa shi. Ya kafa guntayen ƙarfen dogo cikin siminti a kusurwoyi, ya sa musu lamba, ya yi shekaru yana yawo da tef ɗin awo tare da tsofaffin masu haƙa, yana kwafe abin da gara ta bari. Duka ya zuba a cikin wata manhaja da ya rubuta da hannunsa. Ka faɗi sunan mamaci, ta ce maka daga ƙarfe kaza ƙafa kaza, daga ƙarfe kaza ƙafa kaza. Inda tef biyun suka haɗu, nan ne. Takarda bai taɓa bugawa ba. Kullum cewa yake saura kaɗan ya gama.

Wani zai ce ai ni jikan Kaka ne, yaya ban san kabarinta ba? Kowace Sallah ina bin Kawu ziyara, amma a baya nake binsa ina amsa waya. Shi ya san hanya, ni shi kawai nake bi. Ban taɓa kawo ranar da ni za a tambaya ba.

Yadda ɗan malamai ya kai ga rubuta manhaja abin a faɗa ne. Ya shiga jami'ar da ke bayan Oforikrom a matsayin mai share ɗakin kwamfuta, zamanin da injin ɗaya yake cika ɗaki. Littattafan injin da aka jibge a kusurwa ba mai buɗewa, shi ya riƙa karanta su yadda aka koya masa karatu a gida: layi ɗaya, a maimaita, ba a wucewa sai an gane. Har ta kai in abu ya ƙi, shi ake nema, ya zo da tsintsiyarsa a hannu. Daga baya suka karɓe tsintsiyar suka ba shi kujera.

Yana da wata ɗabi'a da take ba mu dariya. Duk abin da ya shiga hannunsa sai ya manna masa farin salatif ya rubuta a kai da ajami: mene ne, yaushe ya zo, da me aka yi shi. Faifai, kebul, caja, har robar man zafi ta Mma. Babbar 'yarsa, taubashiyata, ta taɓa fitowa karin kumallo da salatif a goshi ta rubuta “siga ta ɗaya” don ta tsokane shi. Ya kalle ta, ya kurɓi koko, ya nuna ƙanwarta ya ce, “An yi gyara a ta biyu.”

Ni ban iya aikinsa ba, amma ya sha zaunar da ni yana yi mini bayani da yaren da zan gane.

“Abin da nake rubutawa, injin ba ya jin sa,” in ji shi. “Akwai kompaila, ita ke juya rubutun ya zama guntayen da injin ke ji. Sannan akwai linka, ita ke ɗaure guntayen su zama manhaja ɗaya, tare da wasu guntayen da wani ya riga ya gina ya ajiye, su muke kira laburare. Ka taɓa zama wurin makanikai a Magazin?”

“Sau nawa.”

“Bol na motar Ingila da noti na motar Japan, a ido girmansu ɗaya. In ka murɗa fa?”

“Ba sa shiga.”

“To haka guntun tsohuwar kompaila da guntun sabuwa. Linka za ta nemi haƙorin da ta sani ta rasa, sai ta tsaya tana ihu. In ka ji ihun nan kada ka tsaya lallashi. Share duk abin da aka gina, ka sake ginawa da kompaila ɗaya tun daga farko har ƙarshe.”

Na ce, “Kawu, mu a kasuwa in abu ya shiga raminsa, ya yi.”

Ya ce, “Shi ya sa ba na sayen kaya a wurinka.”

Wata guda kafin rasuwarsa aka kwantar da shi asibiti kwana shida. Tsohuwar kwamfutarsa ta daɗe tana ba ni kunya. A ce ni mai sayar da kwamfuta, kawuna yana fama da akwatin da sai an buga masa gefe yake tashi, faifan ajiyar da ke ciki yana ƙas-ƙas kamar agogon bango. Sai na ce bari in yi abin kirki. Na zaɓi laftof da ta fi kowacce a shagona, na zuba mata sabon komai, na kwafe foldar da ya sa wa suna “aiki”, na ɗauke tsohon akwatin. A ranar na farke shi yadda muke yi, wannan ya tafi nan, wancan ya tafi can, faifan kuma na jefa shi cikin kwalin waɗanda ke jiran a goge a sayar.

Da aka sallamo shi na tsaya a bakin ƙofa ina jiran godiya. Ya daɗe yana kallon laftof ɗin. Ya zauna, ya danna abin da zai danna, allo ya cika da layuka na Turanci, duk maganarsu ɗaya: an nemi abu kaza, ba a same shi ba.

“Ina injina?”

“Kawu, wannan ta fi shi sau goma.”

“Ban tambaye ka wadda ta fi ba.”

Ashe ginanniyar manhajar ba a cikin foldar take ba, tana wani wurin da ban kwashe ba. Abin da na kawo masa rubutun ne da sunayen matattu a kulle, sai an sake gina manhajar suke buɗewa. Sabuwar laftof kuma da sabuwar kompaila ta zo. Ga shi akwai laburare ɗaya, wanda ke lissafa awon ƙasa, da wani amininsa safiyo ya gina masa da tsohuwar kompaila ya ba shi a gine, ba rubutu, kuma safiyon ya daɗe da rasuwa.

Ya ce, “Ka shiga ɗakina ina kwance, ka ɗauki abin da ba ka san mene ne ba, don kawai ka ga ƙura a kansa.”

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce shekara nawa nake jin kunyar akwatin nan, na ce mutum ya yi maka alheri ko sannu babu.

Bai ɗaga tasa ba. Ya ce, “Mutanen da ke kwance can, ba wanda ya san inda suke sai faifan nan. Kawo mini shi gobe.”

Na ce to cikin fushi. Gobe ta zama jibi. Kayana suka iso tashar jirgin ruwa ta Tema na tafi, na dawo na ce na gaji. Gaskiyar magana ba Tema ce ta hana ni ba, raina ne ya ɓaci da ba a gode mini ba. Ya sake tambaya sau biyu. Daga nan jikin ya ƙara nauyi, ya daina tambaya. Zuwana na ƙarshe bai tayar da maganar ba, tambayata kawai ya yi ko na ci abinci.

To wannan ne nake ɗauke da shi a ciki ranar Talatar da na fito daga ɗakin Mma. Na fara kiran shugaban masu haƙa a waya. Ya ce shi bayan an daina haƙa a tsohon wurin ya kama aiki, amma yana jin kamar kusa da darbejiya tsohon yake tsayawa. Na ce wacce? Ya ce to, yanzu dai uku ne. Na je wurin liman na gaya masa rabin gaskiya, na ce injin yana gardama.

Ya ce, “Ɗana, ƙasa duk ta Allah ce. Bayan la'asar za mu sallace shi, ba za mu jinkirta ba. In an yi azahar ba ka kawo wuri tabbatacce ba, su haƙa a sabon ɓangare. Ba zan yarda a sa diga a tsohon wuri da ka ba, a je a tono bawan Allah.”

Lokacin ƙarfe tara ta wuce. Mutum ɗaya ne a duk Zongo zai iya taɓa aikin Kawu, ita ce taubashiyata, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Oforikrom. Tana can tsakiyar mata. Na aika aka kira ta, ta fito idanunta jajur.

“Mai gwanjo, yau ma ba za ka bar ni in yi kukan ubana ba?”

Na ja ta ɗakin aikinsa na gaya mata duka, ban rage komai ba. 

“Na san wata rana za ka sayar da wani abu nasa. Ban zaci tun yana da rai ba.”

“Zage ni gobe. Yanzu zauna.”

Ta gyara mayafi ta zauna a kujerarsa. Ta share duk guntayen da aka gina, ta sake gina komai da sabuwar kompaila. Ina tsaye a bayanta ina kallon layuka suna gudu, ban san mai kyau da marar kyau ba, fuskarta nake karantawa. Ihun linka ya ragu daga allo guda zuwa layi shida ko bakwai. Ta sa yatsa a kansu.

“Duk waɗannan laburaren safiyo suke nema. Shi ba ni da rubutunsa, ba zan iya sake gina shi ba. Tunda ba zai zo wurin sabuwa ba, sai mu kai kowa wurin tsohuwa. Ina tsohuwar kompaila?”

“Ba a samu a intanet?”

“Tsofaffin suna da yawa, wacce daga ciki? In na yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya sai magariba. Baba a faifansa yake ajiye tasa. An goge shi?”

Na ce ban sani ba. Duk Asabar nake gogewa da kaina, daga saman kwali, gwargwadon yadda masu saye suka nema. Asabar uku sun wuce.

Na fita ta ƙofar baya don kada masu gaisuwa su tsayar da ni, na tare keke mai ƙafa uku. Daga Zongo zuwa shagona ba nisa, amma ranar kamar duk motocin Kumasi a kan hanyar suka kwana. Ina zaune cikin cunkoso sai wani abu ya dawo mini da na daɗe ban tuna ba. Farkon shigata sana'ar nan, na kwashe duk abin da na tara na sayi kwamfutoci a rufe ban gwada ba, da aka buɗe fiye da rabi matattu ne. Na zauna a shago na rasa ko kuka. Ban gaya wa Kawu ba, ji ya yi a bakin mutane. Washegari bayan asuba sai ga shi da jakar sukudireba da salatif ɗinsa. Ya yi wata guda yana zuwa kafin ya wuce aiki, yana cire wannan daga waccan, yana manna wa kowacce abin da ke damunta, har yawancinsu suka tashi. Bai taɓa ce mini ai da ka yi shawara ba. Abin da kawai ya ce, ranar da ya naɗe jakarsa, shi ne, “Nan gaba ka kunna kafin ka saya.” Shagon da nake taƙama da shi a kan wannan watan ya tsaya. Mutumin ke nan da na hana faifansa mako uku don bai ce mini sannu ba.

Na buɗe shago na kife kwalin a ƙasa. Faifai duk kamarsu ɗaya, na shiga juya su ɗaya bayan ɗaya. Wanda na goge ina ɗiga masa jan alƙalami, saboda haka duk wanda na juya jan nake tsoron gani. Can kusa da ƙasa na ga farin salatif da ajamin Kawu. Na juya shi gaba da baya, na kai shi bakin ƙofa wurin haske na sake juyawa. Babu ja. Saura faifai huɗu gogewa ta iso kansa. Da an kai Asabar mai zuwa, da shi ma ya tafi.

Da na dawo gida ruwa yana fitowa ta kwatar ɗakin da ake wanka. An yi wa Kawu wanka ba ni. Liman ya aika nemana sau biyu don in zuba ruwa, aka ce ba a gan ni ba. Na wuce kaina a ƙasa.

Taubashiya ta karanta salatif ɗin, ga sigar kompaila a rubuce, ga sunan foldar da take ciki. Muka jona faifan da kebul. Ya yi ƙas, ƙas, ya buɗe, aka fara kwafa, sai ya tsaya cik. Ta dafe kai. Nan kam aikina ne, na sha ceto irinsu. Faifan da ya kusa mutuwa ba ya son zafi kuma ba ya son kwanciya. Na sa aka miƙo mini ruwan leda mai sanyi guda biyu, na naɗe su a hankici, na tsayar da faifan a kan gefensa a tsakaninsu na riƙe da hannu biyu ko motsi ba na yi. Ya ci gaba, a hankali, yana tsayawa yana tafiya.

Ta ce, “Ashe akwai abin da ka iya.”

“Ki yi shiru kada ya ji.”

Muna cikin haka aka kira azahar. Ba wanda ya kalli wani a cikinmu. Na san a daidai lokacin masu haƙa sun ɗauki diga sun nufi sabon ɓangare, can wajen katanga, nesa da Kaka. Hannuna ya sandare, ruwan ya fara ɗumi, amma kwafar ta kai ƙarshe. Kompailar ta tsira, ginanniyar manhajar ce dai faifan ya ƙi bayarwa.

Ta nuna wa injin tsohuwar kompaila ta ce ya gina. Layuka suka gudu, sai ihun ya dawo, har ya fi na ɗazu yawa. Ta jingina da kujera ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta ce, “Shi ke nan. Ban san kuma me zan yi ba.” Ni da ban san komai ba na tsaya ina kallon allon, sai na ji bakina ya ce, “Kin share na ɗazu?”

Ta buɗe fuska. Guntayen da ta gina da safe da sabuwar kompaila suna nan, injin ya gan su a gine ya tsallake su, ya haɗa su da na tsohuwa. Ta ce, “Wayyo Baba,” tana dariya tana kuka. Ta share komai ƙaf, ta sake farawa. Wannan karon layuka suka gudu, suka gudu, suka tsaya, ba abin da ya biyo baya.

“Ya mutu ne?”

“In linka ta gamsu ba ta magana. Shirun nan shi muke nema.”

Ta rubuta sunan Kaka. Daga ƙarfe na uku ƙafa arba'in da biyu, daga ƙarfe na huɗu ƙafa ashirin da bakwai. A ƙarƙashinsa wani layi, fili ne a gefenta, da nasa awon, kuma Kawu ya rubuta a kai: nawa, in Allah Ya yarda.

Na kira shugaban masu haƙa. Ya ce, “Alhaji, mun kai gwiwa fa.” Na ruga wurin liman da lambobin a tafin hannuna. Ya ce an riga an aiko da labarin wata rasuwa a layin baya, ramin da aka fara ba zai rasa mai shi ba. “Amma ka ji sharaɗina. In kuka ga alamar mutum, ku tsaya ku rufe, a sa shi inda aka samu. Kuma la'asar tana nan inda take.”

Na ɗauki tef biyu na Kawu na tafi makabarta. Ƙarfe na huɗu yana tsaye, na uku sai da muka sare ciyawa muka tone shi da hannu. Muka ja tef. Suka haɗu a wani fili fetal, ba kusa da ko ɗaya daga darbejiyoyin ba.

“Nan? Alhaji, ka tabbata?”

Ban tabbata ba. Awo ne da tsoho ya yi shekaru da suka wuce, da lissafin wani tsohon da ya riga shi tafiya, a manhajar da aka gina minti arba'in da suka shige. In akwai kuskuren ƙafa biyu, a kan Kaka za mu sauka, ko a kan wani da ban san shi ba. Na tuɓe riga na karɓi shebur. Na ce kada a sara da ƙarfi, a riƙa karta. Duk lokacin da diga ta taɓa dutse sai mu tsaya mu duka, wani ya duƙa ya share da hannu, sannan a ci gaba. Ƙasar ja ce a dunƙule, irin wadda ba a taɓa juyawa ba, amma ban yarda da ita ba. Muna ciki na ji kiran la'asar daga masallatan gari. A can ƙofar gida aka jera sahu aka sallaci Kawu, ni ina cikin rami zuwa ƙugu.

Mun gama uwar kabari muna gyara bango, sai shugaban masu haƙa ya ce, “Tsaya.”  Ya duƙa a jikin bangon gefe ɗaya, ya karce da ɗan yatsa. A cikin jar ƙasar ga wasu baƙaƙen tabo a jere, tsakaninsu daidai, daga kai har ƙafa. Ya murje ɗaya a tafinsa ya shinshina.

“Kan itacen rufi ne, ya ruɓe. Ga makwabciya nan a ɗakinta, ba mu taɓa ta ba.” Ya miƙe ya share hannu a wando. “Tsohon nan bai kuskure ko taki ɗaya ba. Ku sauka, a gama.”

Muna fitar da ƙasar ƙarshe makara tana shigowa ƙofar makabarta. Ban samu wankansa ba, ban samu sallarsa ba, amma da liman ya tambaya wa zai karɓa, ina ciki dama, da singileti da laka har gira. Aka miƙo mini shi. Bai da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da shi bisa damansa, na gyara masa fuska ta kalli alƙibla, sannan na dafa bangon da hannuna kafin in fito. Tsakaninsa da uwarsa bai fi kamu ɗaya na ƙasa ba.

Allah Ya yalwata musu su biyun, Ya haskaka musu, Ya sa wahalar da Kawu ya sha a kan kaburburan mutane ta tarbe shi a nasa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha, in da saura ya roƙa mini gafara.